Shaihu Umar Tsakanin Majigi da Akwatin Talabijin

Laccar da aka gabatar a garin Dalijan, ƙasar Gwandu, Jihar Kebbi

   

A shekarar 1976 wani mutumin Garkiɗa, Alhaji Adamu Halilu, ya kammala fim ɗin Shaihu Umar da harshen Hausa, mai tsawon minti 142. Gwamnatin Tarayya ce ta ɗauki nauyin aikin, kuma shi ne fim ɗin da Nijeriya ta gabatar a bikin FESTAC na Legas a farkon 1977. Daga nan sai ya yi ɓatan dabo. An kusa shekara 40 ana jin sunansa a bakin malaman jami'a kawai, har aka fara fid da rai da shi. Sai a 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cikin tarin gwangwanayen da tsatsa ta fara ci. Didi Cheeka na Legas yana cikin waɗanda suka yi tsayin daka a kan lamarin. Cibiyar Arsenal ta ƙasar Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin Balin a watan Fabrairun 2018. Jamusawa sun zauna sun kalli Hausawa suna ba da labarinsu da bakinsu, alhali yawancin Hausawan da ke raye a yau ba su taɓa ganin ko minti ɗaya na fim ɗin ba.

Wannan fim shi ne ƙofar shiga maganar yau: idan aka ɗauki wasan kwaikwayo na ban tausayi aka kai shi silima, aka kuma kai shi talabijin, me kowanne ke ƙara masa, me yake rage masa?

Shaihu Umar bai fara a matsayin wasa ba. Littafi ne da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta yana matashin malamin makarantar Midil a Bauci, domin gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Gasar nan ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, a lokacin kuma aka sami Jiki Magayi. Mervyn Hiskett ya fassara Shaihu Umar zuwa Turanci a 1967, shekara ɗaya bayan an kashe marubucin yana Firayim Minista. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, wani masanin dandali ɗan ƙasar Tirinidad, su suka mayar da shi wasan kwaikwayo, kamfanin Longman ya buga a 1975. Bayan shekara ɗaya Halilu ya ɗora shi a majigi, sunan Umaru Ladan kuma shi ne a kan gaba cikin 'yan wasan.

Wanda ya yi makaranta a Arewa ya san labarin, amma akwai buƙatar a tuna shi daki-daki. Shaihu Umar babban malami ne a Rauta, ƙasar Bauci. Wata rana almajiransa suka tambaye shi asalinsa. A Kagara aka haife shi, ya tashi maraya. Mahaifiyarsa ta auri Makau, na hannun daman sarki, wanda sauran fadawa suka yi wa hassada. Bayan an dawo daga wani harin kamun bayi suka ƙulla masa sharri, sarki ya kore shi daga gari. Uwar ta bar yaron a hannun amana, ta tafi ganin iyayenta kafin ta bi mijinta. Kafin ta dawo an sace shi. Daga wannan hannu zuwa wancan har Kano, inda wani Balarabe, Abdulkarim, ya karɓe shi, ya riƙe shi riƙon ɗan cikinsa, ya kai shi Masar, ya sa shi karatu har ya zama limami. Ita kuwa ta bazama nemansa. Aka kama ta, 'ya mai 'yancinta, aka sayar da ita, aka ƙetare hamada da ita zuwa ƙasar da ake kira Libiya a yau. Wani mafarki ya tayar da hankalin Umar, ya fito nemanta. Ya same ta wahala ta gama cin ta, ba ta daɗe ba ta rasu. A kan hanyar dawowa guguwar rairayi ta halaka ayarinsu, shi Allah ya yi masa gyaɗar dogo.

Hanya ɗaya ce uwa da ɗa suka bi. Ɗan ya bi ta ya zama shaihu, uwar ta bi ta ta zama baiwa. Idan labarin Umar kaɗai aka duba, labarin mai rabo ne, wanda duk ramin da aka jefa shi sai ya fito da alheri a hannu. Ban tausayin yana wajen uwar, wadda ba ta aikata laifin komai ba, ba ta kuma sami sakamakon wahalarta a duniya ba sai ganin fuskar ɗanta na ɗan lokaci. A tuna kuma, lokacin da littafin ya fito bauta ba tsohon tarihi ba ce. Sai a 1936 dokar da ta kawo ƙarshenta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya ta fito. Cikin masu sauraron littafin na farko akwai waɗanda aka sayar da iyayensu, akwai kuma waɗanda iyayensu suka saya.

Littafin baki ɗaya daga bakin mutum ɗaya yake fitowa, wato Shaihun. Duk abin da ya sami uwar, labari aka ba shi, shi kuma ya ba almajirai. Dandali ba ya yarda da haka. Dole a raba maganar a bakuna da yawa, Makau ya kare kansa a gaban sarki, uwar ta yi kukanta da muryarta. Wannan shi ne ribar farko da wasan Ladan da Lyndersay ya jawo wa labarin. Abin da dandali ba zai iya ba shi ne kawo hamada cikin zaure. Nan ne kyamarar Halilu ta shigo da ƙarfinta: fili, nisa, dawakai, fada da fadawanta, tafiyar da ba ta ƙarewa. Halilu ya riƙe tsarin littafin, ya buɗe da Shaihu a tsakiyar almajiransa, sa'annan ya koma baya. Amma minti 142 ne a hannunsa, cikinsu zai taso daga Kagara ya bi ta Kano ya isa Masar ya dawo. Shekarun da uwa ta yi tana tambayar matafiya ko sun ga yaro mai kama kaza, dole su matse su koma 'yan mintoci.

Domin a ga wannan bambanci a fili, sai a leƙa wani wasan da aka yi wa fim aka kuma yi wa shirin talabijin cikin shekaru goman da fim ɗin Halilu ya fito, wato Macbeth na William Shakespeare, wanda aka rubuta wajen 1606. Duk wanda ya tashi a ƙasar sarauta zai gane shi nan take. Macbeth sarkin yaƙi ne da wasu bokaye mata uku suka yi wa albishir da gadon mulki. Matarsa ta zuga shi, ya kashe Sarki Duncan cikin dare alhali sarkin baƙonsa ne, a ƙarƙashin rufin gidansa yake kwance. Daga ranar kisa ya riƙa jawo kisa, barci ya ƙaurace wa miji da mata, ita ta zauce ta mutu, shi aka fille masa kai.

A 1971 Roman Polanski ya yi fim ɗinsa, Jon Finch da Francesca Annis suka fito a miji da mata. Ya kwashi 'yan wasa ya kai su duwatsun Wales da tsofaffin ganuwoyin arewacin Ingila. Ga taɓo, ga ruwan sama, ga dawakai, ga jini a ko'ina. Shakespeare ya ɓoye kisan Duncan, mai kallo ba ya ganin komai sai hannun Macbeth jina-jina bayan ya fito daga ɗakin. Polanski ya shiga ɗakin da kyamara, ya nuna sarki yana farkawa, ya nuna wuƙa tana shiga. Ya ma ƙara wani abu a ƙarshe da babu shi a wasan: ƙanin sabon sarki ya nufi wurin bokayen nan, alamar cewa za a sake maimaita ta'asar. Wanda ya kalli fim ɗin zai tashi da hoton duniya mai mugunta a idonsa. Sai dai a cikin wannan duniyar, Macbeth ya zama ɗaya daga cikin masu kisa da yawa, nauyin laifinsa ya ragu saboda kowa hannunsa da jini.

A 1979 gidan talabijin na Thames ya nuna nasa, daga wasan da Trevor Nunn ya shirya a wani ƙaramin zaure a 1976. Ian McKellen da Judi Dench ne taurarin. Babu ganuwa, babu doki, babu filin daga. Duhu ne kewaye da 'yan wasa, suna tsaye cikin ɗan da'ira, kyamara ta matso har gumin goshi ana gani. Akwatin talabijin na wancan zamani ƙarami ne, in aka sa masa rundunar yaƙi sai ta koma kamar ɗige-ɗige, saboda haka masu shirin suka bar abin da ba zai yiwu ba suka kama fuska. A fitowar da matar Macbeth ke yawo cikin barci da kyandir a hannu, tana goge jinin da babu wanda ke gani sai ita, Judi Dench ta saki wani dogon kuka wanda masu nazarin wasa har yau suke ambato. A ganin mai wannan lacca, shirin Thames ya fi fim ɗin Polanski kusa da zuciyar wasan, domin ainihin yaƙin Macbeth a cikin ƙirjin mutum biyu ake yin sa bayan an rufe ƙofa.

Wasu sun ɗauki wasan sun sauya masa ƙasa baki ɗaya. Akira Kurosawa ya kai shi Japan ta zamanin mayaƙa a 1957, ya ƙare da ruwan kibau a kan Toshiro Mifune. Masu kallon fim ɗin Indiya kuwa sun san Maqbool na Vishal Bhardwaj, 2003, inda Irrfan Khan da Tabu suka fito, sarautar ta koma ta 'yan daban Mumbai, bokayen suka koma 'yan sanda biyu. Duka biyun sun nuna cewa silima takan yi nasara idan ta daina bin kalmomin wasa sawu da ƙafa ta nemi hoton da zai tsaya a madadinsu.

Silima kamar hawan sallah take, a fito fili a ga girma da ƙasaita a zama ɗaya a watse. Talabijin kuwa hirar zaure ce, fuska da fuska, yau a yi gobe a ci gaba. Wannan ci gaban gobe shi ne kyauta ta biyu da talabijin ke ba labarin ban tausayi. Misalinsa yana nan gida. A 1971 wani Bajamushe, Hans Jürgen Pohland, ya haɗa littattafan Chinua Achebe biyu ya yi fim ɗaya da su, 'yan Nijeriya kaɗan ne ke tuna shi. A 1987 NTA ta mayar da littafin Achebe, Things Fall Apart, shiri kashi-kashi, Pete Edochie ya fito a Okonkwo, har yau da wannan fitowar ake tuna shi. Dalili a bayyane yake. Mai kallo ya zauna da wani yaro mai suna Ikemefuna a gidan Okonkwo, ya saba da shi, ya kwana ya tashi yana jiran kashi na gaba. Ranar da mutumin da yaron ke kira baba ya sare shi, gidaje da yawa sun ji kamar nasu aka kashe. Sabo ba ya samuwa a zama ɗaya.

A yau iyakar da ke tsakanin silima da talabijin ta fara gogewa. Wasan Wole Soyinka na 1975, Death and the King's Horseman, wanda ya ginu a kan abin da ya faru a Oyo a 1946, Biyi Bandele ya mayar da shi fim da Yarbanci, mai suna Elesin Oba. Bandele ya rasu a Agustan 2022, kafin a fara nuna shi a Toronto a watan Satumba. An shirya shi don babban allo, amma yawancin masu kallo a Netflix suka gan shi. A Dalijan ma haka abin yake: da fim da shirin talabijin duk ta hanya ɗaya suke isowa, saurayi ya kai wayarsa shagon caji a tura masa. A allon da bai wuce tafin hannu ba, ayarin raƙuma a tsakiyar hamada ba ya nuna komai, amma hawaye a kumatu yana fitowa sarai. Waya ta goyi bayan salon talabijin, kuma duk mai shirya wa Hausawa wasa a yanzu dole ya yi lissafi da wannan.

To ina talabijin ɗin Hausa ya tsaya? Tun da aka buɗe gidan talabijin na Kaduna a 1962, ƙarfinsa ya fi karkata wajen ban dariya da gyara kayanka. Usman Baba Pategi da Samanja, Ƙasimu Yero da Karambana, sun yi aikin da ba za a manta ba. NTA Kaduna ta ɗauki Magana Jari Ce ta mayar da shi shiri, ta nuna cewa littafin Hausa na iya rayuwa a akwatin. Wasan Umaru Ɗanjuma Katsina, Kulɓa Na Ɓarna, silima ce ta ɗauke shi, Brendan Shehu ya yi masa fim a farkon shekarun 1990. Al'adar da aka saba da ita a akwatin ita ce kafin a tashi a kama mai laifi, a yi masa nasiha, kowa ya koma gida hankali kwance. Bayan zuwan Arewa24 a 2014, da shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina na Aminu Saira, an tabbatar da cewa Bahaushe zai iya bin labari ɗaya shekara da shekaru. Kayan aikin da mahaifiyar Umar ke buƙata sun samu: fuska a kusa, da lokaci mai yalwa. Shiri mai kashi 12 ko 13 zai iya ba ta kashi guda a kan hanyar Kano, kashi guda a hannun dillalai, kashi guda a gidan da ba ta jin harshensu, har mai kallo ya ɗanɗani tsawon jiran da ta yi.

Sai dai akwai ramuka a kan wannan hanya, kuma gara a faɗe su tun yanzu. Shiri mai dogon zango yana da cutar jan labari don kada talla ta yanke. Ban tausayi kuwa yana tafiya ne zuwa wani ƙarshe da ba makawa, in aka riƙa ɗage shi sai ya huce. Za a kuma sami masu ba da shawarar a saka wa Umar budurwa a Masar, a yi waƙa da rawa a gindin dabino. Za a sami masu cewa 'yan kallo ba za su jure ba, a bar uwar da rai ta dawo Rauta ta ga jikoki. Duk wanda ya yi haka ya rubuta wani labari ne dabam, ya kamata ya sa masa wani suna.

Ramin da ya fi kowanne zurfi shi ne a wanke Bahaushe a ɗora wa baƙo laifin. Tafawa Ɓalewa bai yi haka ba. A littafinsa sarkin ƙasa ne ke tura hari, fadawan gida ne suka ci amanar Makau, 'yan ƙasa ne suka kama mace mai neman ɗanta suka mayar da ita haja. Balaraben da ke tsakiyar labarin, Abdulkarim, shi ne ma ya yi wa yaron alheri. Matashi ɗan shekara 21 ya iya kallon al'ummarsa ya faɗi wannan a 1933, bai kamata masu kyamarar yau su kasa ba.

Akwai masu cewa wasan ban tausayi bai dace da Musulmi ba, tunda Musulmi ya yarda da ƙaddara. Malaman da ke zaune a nan sun fi kowa sanin amsar. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusufu har idanunsa suka yi fari, wannan bai taɓa imaninsa ba. 'Yan'uwan da suka jefa yaron a rijiya kuma ƙaddara ba ta ɗauke musu laifi ba, sai da suka nemi gafara. A kan wannan turbar Shaihu Umar yake. Shaihun yana ba da labarinsa cikin natsuwa da miƙa wuya ga Allah, amma natsuwarsa ba ta wanke wanda ya sayar da uwarsa ba. Ɗan wasan da zai fito a Shaihu dole fuskarsa ta ɗauki abubuwan nan biyu a lokaci ɗaya, kuma kyamarar da ta matso kusa ce kaɗai za ta iya kama su.

Mutanen Jihar Kebbi ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan uwar da aka raba da ɗanta. A watan Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashi ɗalibai, wasu 'yan matan suka kusa shekara biyu a daji, iyayensu suna bin ƙofa-ƙofa. A 2017 duniya ta ga hoton yadda ake cinikin baƙaƙen fata a Libiya, ƙasar da aka kai mahaifiyar Umar. Uwar da ta zauna gaban akwati a Dalijan ko Kalgo ta ga wannan labari, ba za ta ɗauke shi tatsuniyar mutanen da ba. Saboda ita ne ya wajaba a yi shirin da gaskiya, kada a yi masa kwalliya.

Akwai kuma wani bashi da ya shafi wannan ƙasa kai tsaye. Bayan Shaihu Umar, a ƙarshen shekarun 1970, Adamu Halilu ya yi wani fim a kan Kanta na Kabi, mai birnin Surame. Jikokin Kabawa nawa ne suka gan shi? Fim ɗin da aka yi a kan gwarzon wannan yanki ya cancanci a bi sawunsa kamar yadda aka bi sawun ɗan'uwansa.

Roƙon da wannan lacca ke yi bai fi ƙarfin kowa ba. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi tana nan Kalgo, Hukumar Fina-finai ta Nijeriya kuma tana Jos. Malaman jami'ar da hukumomin al'adu na jiha su rubuta su nemi kwafen Shaihu Umar da aka gyara, su kuma tambayi inda fim ɗin Kanta yake. A kafa farin ƙyalle a filin makarantar Dalijan bayan sallar isha'i, yadda motar majigi ta riƙa yi a zamanin iyaye, a kira maza da mata su kalla, a kai shi Gwandu, a kai shi Kalgo. Ɗaliban da ke sha'awar rubutu su karanta littafin kafin ranar, su kalli fim ɗin da alƙalami a hannu, su rubuta abin da Halilu ya nuna da abin da lokaci bai ba shi damar nunawa ba. Daga cikinsu ake fatan samun wanda zai rubuta shirin talabijin ɗin, ya ba uwar Umar kason da ya dace da ita.

Allah ya jiƙan Abubakar Tafawa Ɓalewa da Adamu Halilu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.